Ina Sassautawa, Yaya Yana Ɗaurewa

Yayana mai walda ne a Gumel, kuma shekara talatin da wani abu abin da aka san shi da shi guda ɗaya ne: aikinsa ba ya motsi. In ya kafa maka ƙyaure, sai dai bango ya faɗi ya bar ƙyauren a tsaye. Ya girme ni da shekara goma sha uku. Da mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamare, shi ya ɗauke ni, shi ya tsaya min har na gama kwalejin fasaha, shi ya nema min aure. Ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Yaya nake cewa, kuma har yau da furfura ta fara fito min a gemu, in ya shigo wuri sai na tashi na ba shi kujera. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce ai da ya buɗe baki kawai ya yi magana. Na sani. Wallahi babu wanda ya kai ni sanin haka.

Sana'ar ta fara mutuwa a hannunsa muna kallo. Masu gina gida suka koma ɗauko ƙofa 'yar waje daga Kano, mai sheƙi, wadda in ka ƙwanƙwasa za ka ji kamar gwangwanin madara, amma ita ake yayi. Abin da ya rage wa Yaya shi ne liƙin ƙafar kujera da baro da amalanken shanu. Ga wuta babu, sai janareto, janareton kuma ba da ruwan rijiya yake tashi ba. Wata rana sai ya wuni a rumfa bai kunna inji ba. Matarsa ce ta tsegunta min cewa ya fara zancen sayar da injin waldar ya koma gona a ƙauyen mahaifiyarmu, can wajen Sule Tankarkar. Mutumin da bayansa ba ya bari ya yi ruku'u yadda ya kamata, shi ne zai kama fartanya! Ni bai taɓa gaya min ba, don babba ba ya kai wa ƙanensa kukan irin wannan. Amma tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Ni ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gagarawa, sashen ayyuka, ina kuma ɗan taɓa zanen allon shaguna a kwamfuta. Ta nan wani matashi ya same ni, ɗan wani Alhaji dillalin shanu a Maigatari. Ya yi karatu a waje, ya dawo ya gina masaukin baƙi a bakin titi don fatake da direbobi. Allo yake so irin wanda ya gani a can. Fuskar allon faifan ƙarfe ne da aka ƙera shi don ya yi tsatsa da gangan, tsatsar ta tsaya a sama ta zama ita ce fentinsa. An riga an huda haruffan sunan masaukin a jikin ƙarfen da inji a Kano. A bayan haruffan za a sa farar roba mai kama da gilashi, wadda masu sana'ar ke kira akirilik, a bayanta kuma fitilu masu aiki da sola, yadda in magariba ta yi haruffan za su haska. Abin da yake nema shi ne wanda zai haɗa akwatin, ya manna robar a jikin ƙarfen, ya kafa a kan ginshiƙai.

Na ce masa, “Ina da mutum. Duk ƙasar nan babu kamarsa.”

Lissafina mai sauƙi ne. Duk tirelar da za ta tsallaka iyaka sai ta wuce ta gaban allon nan. Duk mai gidan mai, duk mai kemis, duk mai makarantar kuɗi da ya gani zai tambayi wanda ya yi. In allon ya tsaya, Yaya ya tsaya a sana'arsa. In ya lalace, gona.

Ranar da Yaya ya fara ganin ƙarfen sai ya shafa shi, ya dubi tafinsa, ya ce wa mai masaukin, “Alhaji ƙarami, an cuce ka. Wannan ai ya yi tsatsa tun bai sha ruwan sama ba.” Yaron ya yi dariya ya yi masa bayani. Yaya ya girgiza kai, ya ce duniya ta zo da abin kallo, amma ya karɓi aikin. Kuma ka ga mutum ya farfaɗo! Mako uku yana fita tun da sassafe. Ya auna, ya yanka, ya liƙa kusoshi masu zare guda goma sha shida a bayan faifan, inda robar za ta zauna. Matarsa ta ce min ya dawo cin tuwo har da neman ƙari.

Robar ta zo da takarda, da Turanci, ni na karanta. Na ƙara dubawa a waya har na fahimci abin sarai. Ita wannan robar in ta ji zafi tana miƙewa, in ta ji sanyi ta tsuke, kuma miƙewarta ta ninka ta ƙarfe nesa ba kusa ba. Faifai mai tsawon namu zai iya ƙara tsawon ƙwayar masara tsakanin sanyin safiya da zafin azahar. Saboda haka ramin da za a huda mata dole ya fi kusar faɗi sosai. A sa zoben roba ta ciki da ta waje, don ta samu wurin zamewa, don kuma ruwan tsatsa ya bi ta rata ya wuce bai taɓa ta ba. Noti kuwa da yatsa ake murza shi, da zarar ya taɓa a tsaya. In aka ɗaure ta tam, ba ta da inda za ta je, sai ta tsage. Ni na huda ramukan da kaina a zauren gidana, da faɗi, yadda takardar ta ce.

To, yaya za ka gaya wa mutumin da duk sunansa a ɗauri yake cewa ya bar noti sako-sako?

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Wata la'asar a rumfarsa, mu biyu, na ce, “Yaya, wannan robar fa an ce tana da wani hali.”

Bai ma ɗago daga abin da yake gogewa ba. Ya ce, “Roba ce za ta koya min aiki? Kai dai ɗan boko, ka ji da rubutunka, ka bar min ƙarfena.”

Da dariya ya faɗa, babu faɗa a ciki ko kaɗan. Ni kuma, sakarai, sai na taya shi dariyar. Nan ne wurin. Babu kowa, babu wanda zai ji, da na ƙara jimla biyu da an wuce wurin. Amma bakina ya yi nauyi, na ce a raina gobe ma rana ce.

Sai na bi ta hanyar da muka saba bi a gidanmu in ana so magana ta isa kunnen babba, wato ta cikin gida. Na samu matar Yaya tana tsince shinkafa, na yi mata bayanin zafi da sanyi da rami da noti. Abokiyar wasata ce, ba ta raga min. Ta ce, “Kai mijin banza, ni ce zan koya masa ɗaurin noti? So kake ya kore ni in dawo gidanka?” Na roƙe ta, ta ce za ta faɗa. Ta kuma faɗa, amma kafin maganar ta isa ta zama, “Ƙanenka ya ce a bi robar nan a hankali.” Yaya ya ce ai kuwa a hankali zai bi ta, har ya nemo tsohon bargo ya naɗe ta don kada ta karce a mota.

Da sanyi muka kafa allon, da hantsi, kowa da rigar sanyi. Mai masaukin yana nan, da mahaifinsa Alhaji a kan kujera, da maigadi, da 'yan kallo da ba a rasawa a bakin titi. Yaya ya ɗora robar a kan kusoshin, sai ya ga ramukan. Ya dube su, ya dube ni. Sai ya gyara tsayuwa ya sa bayansa tsakanin Alhaji da robar, ya yi ƙasa da murya ya ce min, “Ba komai, hannu ne bai saba ba. Zan rufe, babu wanda zai gani.”

Ka ji fa. Shi a ganinsa na yi kuskure, na huda rami kamar bakin tulu, kuma rufa min asiri yake yi a gaban mutane. Ya karɓi zobban robar daga hannuna ya zuba a aljihu, ya ciro manyan washa na ƙarfe ya rufe ramukan, ya sa noti, ya kama sifana. Yana ja ina jin robar tana ƙara. Alhaji daga kujerarsa yana cewa, “Kai, wannan ɗauri! Haka ake aiki.” Ni ina tsaye riƙe da gwangwanin noti ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Har goma sha shida na miƙa da hannuna. In buɗe baki a nan in ce Yaya ba haka ake yi ba, a gaban Alhaji, bayan shi yanzun nan ya tare min kunya? Ina!

Da aka idar da magariba aka kunna. Gaskiya ya yi kyau. Ƙarfen ya yi duhu ja-ja, haruffan suka fito fari tas kamar nono. Masu mashin suna rage gudu suna kallo. Yaya ya tsallaka titi ya tsaya da hannu a baya yana kallo, na kuwa san wannan tsayuwar. Kafin mu tafi mutum biyu sun karɓi lambar wayarsa, mai gidan mai da wani mai kemis. Duka sun ce bari su ga yadda allon zai yi zuwa damina.

A hanya na ƙulla dabarar da na ɗauka wayo ce. Akwatin yana da ƙofa ta baya. Ranar Laraba da na tashi daga aiki na hau mashin daga Gagarawa zuwa Maigatari, na ce wa maigadi wayoyin fitila na zo dubawa, na ari tsani na hau. Na bi notin nan goma sha shida na sassauta kowanne. Na taɓa robar na ji ta ɗan motsa. Na sauko ina jin kaina, na gyara aikin Yaya, Yaya bai sani ba, babu wanda ya ji kunya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Alhamis ce kasuwar Maigatari, kuma Yaya ya ɗauki al'adar zuwa duk ranar kasuwa ya gai da allonsa, da sifana a aljihu. Ranar Juma'a bayan masallaci ina gidansa muna cin abinci, sai ya ce, “Ka san manyan motocin nan girgiza ƙasa suke? Jiya na hau allon nan, noti duk sun saki. Na ƙara ɗaure su.”

Na ce, “Ikon Allah.”

Abin da na ce ke nan. Ikon Allah! Larabar da ta biyo na koma na sassauta. Alhamis ya koma ya ɗaure. Haka muka yi ta yi, manya da mu, masu iyali, ɗaya ya hau tsani yau ɗaya ya hau gobe, Juma'a mu zauna mu ci tuwo a kwano ɗaya. Abin ya fara cin Yaya. Bai taɓa ɗaure noti ya kwance ba, ga guda goma sha shida suna kwancewa duk mako. Ya zargi zaren kusoshin, ya zargi sifanarsa, har ya fara duban hannunsa yana cewa ko ƙarfi ne ya fara ƙarewa. Ya ƙara noti na biyu a kan kowanne. Na je na sassauta duka biyun. Ina ganin yadda yake ramewa a kan abin, amma kullum sai in ce bari zafi ya wuce tukuna, in robar ta tsallake bazara sai in san yadda zan yi.

Ran nan sai ga shi a ƙofar gidana da fara'a, abin da ba ya yi, don ni nake zuwa wurinsa. Ya ce, “Na kashe maganar.” Ashe a-kori-kura ya ɗauka, ya loda janareto da inji, ya je ya ɗaure notin iya ƙarfinsa, ya rufe robar da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗiga wa kowane noti walda. Ya ce, “Yanzu ko jirgin ƙasa ne ya bi ta wurin ba za su motsa ba.”

Na ce, “Sannu da ƙoƙari, Yaya.”

Na koma Laraba duk da haka. Na hau, na sa sifana, ko gezau. Na zauna a saman tsanin ina zagin kaina, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da ban taɓa notin ba, da ɗaurin farko ne kawai, wataƙila da zafi da sanyi sun ɗan sassauta shi da kansu. Ni na tura shi ya yi waldar. Ko a lokacin akwai mafita, a sa injin yanka a cire notin a sake sabo, aikin wuni ɗaya. Amma in faɗi haka sai na faɗi cewa ni ne tirelar da ke girgiza ƙasa, ni na sa shi zargin hannunsa wata biyu. Maganar da a da jimla biyu ce yanzu ta zama dutse. Na sauko na koma gida ina addu'ar Allah ya kawo bazara mai sauƙi. A Maigatari fa!

Bazara ta zo yadda ta saba. Baƙin ƙarfen nan in rana ta take ko ƙadangare ba ya hawa. Da farko robar ta kumbura a tsakiya, sai haruffa biyu suka yi kamar sun turo ciki. Bayan kwana kaɗan maigadi ya ce yana alwalar azahar ya ji ƙara kamar an tsula bulala. Tsaga ta tashi daga ramin kusurwa ta ratsa harafin farko. Kafin mako biyu kowane rami ya fitar da tasa. In an kunna fitila sai ka ga layi-layi a cikin sunan masaukin. Yaya ya je ya tsaya ya kalla, ya ce robar ce ba ta da kyau, an sayar wa yaron nan jabu. Ya tambaye ni, na ce mai yiwuwa.

Ruwan farko ya ƙarasa aikin. Da yake robar a manne take da ƙarfen babu rata, ruwan tsatsa ya kwanta a kanta, ya shiga tsagogin, ya zauna. Fararen haruffan suka koma kamar an tofa musu goro. Ruwa ya kai ga fitilun, rabi suka mutu. Mai kemis da mai gidan mai ba su ƙara kira ba.

Mai masaukin yaro ne mai kirki, bai yi mana faɗa ba. Ya ɗauko mai yin irin wannan allon daga Kano, ya ce mu zo a duba tare. Tsautsayi, ranar kasuwa mutumin ya samu zuwa. Aka sauke allon aka kwantar a ƙasa a bakin titi, mutane suka taru, dillalai da direbobi da masu shayi, har da waɗanda suka san Yaya tun yana saurayi. Mutumin Kano bai wuce shekara talatin ba, da wandon jins da waya a kunne. Ya buɗe ƙofar baya, ya leƙa, ya kankare washa ɗaya da ta ɗan karkace ya ga bakin ramin.

Ya ce, “Wa ya huda robar?”

Na ce, “Ni ne.”

Ya ce, “Kai ka san aiki, haka ake hudawa. To wa ya ɗaure ta haka, har da walda?”

Yaya ya matso ya ce, “Ni ne.” Da ƙarfinsa ya faɗa, don har lokacin yana ganin ɗaurin ne abin da ba a isa a kushe ba.

Mutumin ya ce, “Haba Baba! Ai robar nan lafiyarta ƙalau, kai ka kashe ta. Ita motsi take so. Da yatsa ake ɗaure ta. Ka shaƙe ta, ka kuma sa mata wuta. Baba, abin da mutum bai sani ba ai tambaya yake yi.”

Wani ya yi dariya a baya, wasu suka kama. Abin da na kasa faɗa wata biyar, a rumfa mu biyu, baƙo ya faɗe shi cikin minti ɗaya a tsakiyar kasuwa. Kuma bai tsaya nan ba, ya juyo kaina ya ce, “Kai kuma da ka huda da faɗi ai ka san dalili. Me ya sa ka bari?”

Maigadi, bawan Allah, da nufin ya wanke ni, sai ya ce, “A'a, shi ma yana ƙoƙari. Duk Laraba sai ya zo da sifanarsa ya hau.”

Yaya bai dube ni ba. Ya sunkuya da wannan bayan nasa, ya tattara kayan aikinsa ɗaya-ɗaya ya zuba a buhu, ya ba mai masaukin haƙuri, ya ba Alhaji haƙuri. Ni na goyo shi a mashin, ni zan mayar da shi. Muka kama hanyar Gumel, gero ya fara tsiro dama da hagu. Da muka yi nisa ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka sauka a gindin wata tsamiya.

Ya ce, “Kai ne kake kwancewa?”

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

“Tun yaushe ka san ba a ɗaure ta?”

“Tun kafin a kafa.”

Ya daɗe yana kallon gonar da ke gabanmu. Sannan ya ce, “Me ya hana ka gaya min?”

Na ce, “Kunya, Yaya. Nauyinka nake ji.”

Ya maimaita kalmar a hankali, “Kunya.” Sai ya ce, “Ni ban yi boko ba. Na kai ka ne don ka riƙa gano min abin da ba na gani.”

Wallahi na so ya mare ni. Na so ya zage ni, ya tsine min, ya ce kada in ƙara taka gidansa. Da ya yi haka da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya ɗauki buhunsa ya ce, “Mu je, la'asar za ta wuce mu.”

Labarin ya riga mu isa gari. A majalisa aka riƙa tsokanarsa, wanda zai kawo gyaran baro sai ya ce, “Malam, a yi a hankali kada a shaƙe min shi.” Yana murmushi, ba ya ramawa. Ni kuwa ban fasa zuwa cin abincin Juma'a ba, shi ma bai hana ni ba. Yana tambayar iyalina, yana tura min nama gabana kamar kullum. Matarsa ce ta daina min wasa. Gaisuwa kawai, sai ta shige ɗaki. Na yi ta neman ranar da zan zauna in ba shi haƙuri sosai, amma duk lokacin da na fara sai ya ce, “Ya wuce,” ya kawo wani zance. Ni na san bai wuce ba.

Ana tsakiyar damina, wata Asabar da hantsi, wayata ta yi ƙara, Yaya ne. Ya ce in zo rumfa in ina kusa. Na tarar da wani manomi daga wajen Sule Tankarkar ya kawo ƙarfen amalankensa da ya karye, yana sauri don taki yake ɗauka. Irin aikin da Yaya ya yi sau ɗari, ko ido a rufe zai yi. Ya riga ya goge bakin karayar, ya daidaita, ya kawo ƙarfen ƙari ya ɗora, janareto yana ta kuka. Amma bai liƙa ba. Yana tsugune da sandar walda a hannu yana jirana.

Ya ce, “Duba min nan. Ko akwai abin da takardunku suka ce.”

Na zaci gatse ne, na dubi fuskarsa. Babu gatse. Da gaske yake tambaya, a gaban baƙo, shi da ya koya wa rabin masu waldar garin nan riƙon sanda. Na tsuguna na duba da kyau, na duba ta sama na duba ta ƙasa. Babu abin gyara. Ni ko a mafarki ban isa in haɗa ƙarfe haka ba.

Na ce, “Daidai ne, Yaya.”

Ya zuba min ido. Ya ce, “Daidai ne, ko kuwa nauyina kake ji?”

Na ce, “Wallahi daidai ne. Na rantse da Allah, Yaya, daidai ne.” Na ɗaga murya har manomin ya ja baya. Na sake rantsuwa, na kama ƙarfen ina nuna masa, ina cewa ka gani, ka gani, ko ina ya zauna.

Ya saurare ni har na gama. Ya dubi ƙarfen, ya dubi sandar da ke hannunsa. Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya ce wa manomin, “Malam, yi haƙuri. Kai shi bakin tasha, akwai masu walda a can, za su yi maka.”

Manomin ya ce ai shi wurinsa ya zo, tun zamanin mahaifinsa nan suke kawowa. Yaya ya ce ya sani, ya yi haƙuri dai. Ya taya shi ɗora ƙarfen a mashin, ya ɗaure masa da igiya. Sannan ya zagaya bayan rumfa ya kashe janareton, ya ce kada mai ya ƙone a banza.